Dirkar Rumfar Malam Hambali

Malam Iliyasu yana da wani ɗan aibi irin wanda yawancinmu masu furfura da tumbi muke fama da shi: idan ana gardama a kan abin da bai sani ba, ba ya cewa bai sani ba, sai ya ce yana wurin aka yi. An haƙa rijiyar unguwarsu yana wurin. An shimfiɗa kwaltar Gwaram yana wurin. Matarsa Hafsat ta taɓa ce masa saura ƙiris ya ce yana wurin aka ɗaura auren iyayensa, ya yi kwana biyu yana cin tuwonta ba tare da ya ce ta iya ba.

A Birnin Kudu ya yi aikin ofis har ya gama, ya yi ritaya da kujera ɗaya da ciwon baya. A ranin da ya ajiye aiki ne mahaifinsa Malam Hambali ya rasu a Gwaram, ya bar gona, da tsohuwarsu Dada, da ƙaninsa Sada wanda bai taɓa barin gida ba, da kuma rumfa.

Rumfar ita ce magana. Tana ƙofar gida, dirkoki huɗu baƙaƙe ƙirin, an gicciya mata azara an rufe da kara da zana. Duk shekara kafin ruwa ya sauka Malam Hambali yakan samo baƙin mai a wurin masu gyaran inji ya shafe dirkokin da hannunsa saboda gara, ba ya yarda kowa ya taya shi, har icen ya koma kamar an ƙera shi da ƙarfe. A ƙarƙashinta dattawan unguwa suke zama bayan la'asar. A nan ake raba rigimar iyakar gona, a nan ake karɓar masu neman aure, a nan baƙo yake fara sallama. Malam Hambali kuwa wurinsa ɗaya ne: buzu a gindin dirkar da ke kusa da ƙofar zaure, ya jingina bayansa da ita. Wanda duk ya zauna a nan shi ne maigida, ba sai an faɗa ba.

Tun da aka yi rasuwa buzun yake rataye a zaure. Iliyasu yana ganin nasa ne, shi ne babba. Sada yana ganin nasa ne, shi ya yi jinya, shi ya san inda kowace iyakar gona ta tsaya, shi dattawan suka saba gani. Duk ranar da Iliyasu ya zo daga Birnin Kudu sai ya tarar tabarmar Sada ta ƙara matsowa kusa da dirkar, kamar tabarmar ce take tafiya da kanta.

Sai ruwan farko ya zo da iska, ya karya dirkar.

Da hantsi ɗan acaɓa ya sauke Iliyasu a ƙofar gida. Rumfar ta karkace kamar hular ɗan tauri, an tokare kusurwar da wani tsohon tsani. Sada yana tsugune yana zurfafa ramin da dirkar ta fita, bai ɗago ba.

“Sannu da zuwa, Yaya. Ashe labari yana isa ofis.”

“Na bar ofis, ka sani. Ina dirkar?”

“Tana cikin cikinka in ka ci dambun da za a kawo maka. Itacen gidan duk ya jiƙe, ita kaɗai ce ta yarda ta kama wuta. Dada ta sa an faskara.”

Iliyasu ya dafe ƙirji. “Dirkar Baba aka yi girki da ita? Ƙirya guda?”

Yanzu ne Sada ya ɗago. “Wace ƙirya?”

“Ƙirya mana. Duk huɗun ƙirya ce. Ina tsaye aka kafa su.”

“Kana tsaye ko kana goye? Marke ne, Yaya. Ni da nake kwana nake tashi da su. Kuma in ƙirya ce, yaya aka yi gara ta cinye gindinta? Ko garar Gwaram haƙorin ƙarfe gare ta?”

“Iska ce ta tumbuke ta, ba gara ba. In marken ne, shi gara tana cinsa?”

“Ka taɓa ganin marke a tsaye kuwa? Ko a kalandar ofis?”

Muryoyinsu suka kai cikin gida. Dada ta fito zaure da sandarta, ta tsaya daga ciki inda haske bai kai ba. Ita mutuniyar da ce, jinin Fulani, har yau ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta goyon bayansa a gaban mutane ko da shi ke da gaskiya. Da wata uwar ce, da ta ce babba ya zauna a wurin ubansa magana ta ƙare. Ita bakinta ba zai iya ba. Ta ce ƙarami ya zauna kuma ta san abin da gari zai ce.

“Sada,” in ji ta, “kai da wancan kun ishe ni. Ni ban san icen waje ba, na murhu na sani. Abin da zan ce ɗaya ne. Kada a kafa wa rumfar Malam baƙon ice. Wanda ya kawo irin wanda ya bari, shi zai kafa, shi zai ɗauki buzu. Ukun da suka rage kuma ban yarda a taɓa mini su ba.”

Ta juya ta koma. Iliyasu ya ji wani sanyi a ransa, don a ganinsa wannan hanyarta ce ta cewa nasa ne. Sada ma murmushi yake yi, kuma wannan ne ya hana Iliyasu jin daɗin dambun.

Gaskiyar ita ce bai tuna ranar da aka kafa rumfar ba. Abin da ya sani kawai, mutum irin Malam Hambali, mai taurin kai da ƙin sake aiki, ba zai kafa komai ba sai ice mafi tauri, kuma tun yana yaro ya ji ana cewa babu kamar ƙirya. Amma ji ba hujja ba ne a gaban Sada. Saboda haka da rana ta take, layin ya yi tsit, kowa ya shige inuwa, sai ya ɗauko buta ya tsuguna a gindin dirkar da ke gefen titi ta hannun dama kamar mai alwala. Ya tone ƙasa kaɗan, ya zaro 'yar wuƙar yankan farce mai lanƙwasa, ya kama ƙwaƙular icen a inda ƙasa za ta rufe. Icen ya ƙi. Ya danna, bakin wuƙar ya karye. Ya danna da ragowar, gumi yana ɗiga daga gemunsa, har ya samu sassaƙe kamar ɗan yatsa. Ya mayar da ƙasa, ya zuba ruwa, ya tashi gwiwoyinsa suna ƙara. Dattijo mai jikoki, ya saci guntun ice a ƙofar gidan ubansa, ya sa a aljihu kusa da carbi.

Washegari yana Birnin Kudu a rumfar Safiyanu mai katako, wanda suka daɗe suna gaisawa a masallaci. Safiyanu ya kankare baƙin man da gizago. Cikin ya fito ja mai duhu kamar hanta. Ya shinshina, ya gwada da farce, ya jefa a bokitin ruwan da yara suke jiƙa dutsen washi, guntun ya yi ƙasa.

“Ƙirya ce, Malam. Tsohuwa ma kuwa.”

“Sake faɗa.”

“Ƙirya ce.”

“Alhamdu lillahi. Ina son dirka guda, mai gwafa a kai, tsayin mutum da hannu.”

Safiyanu ya yi dariya. “A ina? Maƙera da masu gawayi sun gama da ita tun tuni. Ga icen turare nan miƙaƙƙe, a shafa masa mai ya yi maka shekaru. Ko ka je wurin masu walda su yanka maka bututu, gara ta zo ta yi kuka ta koma.”

“Bututu a rumfar Malam Hambali? Ka san wa kake yi wa magana?”

“To Allah ya ba da sa'a. Ka tambaya wajen Kiyako, na ji akwai wadda ta bushe a gonar wani.”

Ya je Kiyako. Ya je ya dawo, ya sake komawa, don mai gonar ya ga takalmin ofis a ƙafarsa ya gane ba gawayi ya zo nema ba. Masu sara suka yi ta tsine wa bishiyar, gatari yana tsalle yana dawowa, suna tsayawa washi suna harararsa kamar shi ya shuka ta. Da aka fitar da reshe mai gwafa, ƙarti suka ɗaga suka ajiye, suka ce sai an ƙaro mutum. Ranar da a-kori-kura ta tsaya da shi a ƙofar gidansa na Birnin Kudu don ya ɗauki babbar riga, Hafsat ta leƙo ta dubi icen, ta dubi mijinta da ƙaiƙayi a wuya da ƙaya a hula.

“Malam, ƙofar banɗakinmu tun bara take jiran ƙusa ɗaya.”

“Wannan maganar gado ce, ba ki gane ba.”

“Na gane. In ka zauna a buzun, ka aiko mini da kafinta.”

Motar ta shiga Gwaram tana nishi. Tun daga kwanar layi Iliyasu ya hango abin da ya ɓata masa rai: wata dirka kwance a jikin katanga, an feƙe ta tsaf, fara-fara mai ɗan rawaya, ga sawun amalanke a ƙasa. Sada yana zaune a kanta yana cin gyaɗa.

“Daga Kwandiko,” in ji Sada, tun ba a tambaye shi ba. “Marke. Shanuna ne suka jawo shi, ban yi hayar mota ba. Wannan fa da ka kwaso, turmi za a sassaƙa wa Dada?”

“Ka tashi daga kan itacen girkin nan ka kama mana.”

“Bayana yana ciwo, Yaya. Gadonmu ne.”

Aka sauke ƙiryar a ɗaya gefen ƙofar. Dirkokin biyu suka kwanta suna fuskantar juna, zaure a tsakani, duk mai shiga gidan sai ya ratsa ta tsakiyarsu. Aka sa ranar kasuwa bayan la'asar, lokacin da dattawa suke cika, a yi ta ta ƙare. Kafin ranar, Iliyasu ya tare a ɗakinsa na samartaka, wanda yanzu buhunan Sada suka cinye rabinsa. Ba sa cin abinci tare. Da safe ya tarar an ɗaure tunkiya a gwafar ƙiryarsa, ta yi abin da tumaki suke yi. Sai ya ja kujera ya zauna ya ɗora ƙafafunsa da takalmi a kan marken, yana sauraron rediyo har azahar. Matar Sada ta daina aiko masa da kunu, 'ya'yan Sada suna gaishe shi da sauri kamar masu tsallake kwata. Dada ba ta fito ba ko sau ɗaya.

Ranar kasuwa dattawa suka zo da wuri, har da waɗanda suka daɗe ba su zo ba. Suka zauna a ƙarƙashin karkatacciyar rumfar, suna satar kallon tsanin da ya tokare ta. Malam Haladu, maƙwabcinsu na tsallaken layi, abokin marigayi, shi aka ba magana. Mutum ne mai sanyin murya da son a zauna lafiya, kuma yana da dalilinsa na son a daɗe ana zama a nan: a ƙofar gidansa akwai inuwar ɗorawa, amma matarsa ba ta son hayaniya.

“To, 'ya'yana,” in ji shi, “abin nan ba na faɗa ba ne. Ice ne. Malam Iliya, kai ne babba, fara.”

Iliyasu ya miƙe, ya gyara babbar riga. Ya yi bayanin ƙirya kamar mai karanta jawabin bankwana: nauyinta, taurinta, yadda gara take juya mata baya, yadda maƙeri ba ya son gawayin kowa sai nata. Ya ce mahaifinsu ba mutumin wasa ba ne, ba zai kafa icen da mata suke girki da shi ba. Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da sassaƙen, ya ɗaga shi sama.

“Wannan daga jikin rumfar nan ya fito. Ku duba cikinsa. Safiyanu na Birnin Kudu, wanda ya tsufa a cikin katako, ya gani ya shaida.”

Guntun ya zaga hannu zuwa hannu. Wani tsohon maƙeri ya lasa, ya gyaɗa kai. “Ƙirya ce, babu ko tantama.”

Iliyasu ya dubi ƙaninsa. Yana jiran ya ga fuskar ta faɗi. Sada kuwa sai ya tura hannu cikin hularsa, ya zaro nasa guntun.

“Ashe ba ni kaɗai na saɓa wa Dada ba. Wannan daga jikin rumfar nan na ɓallo shi, can sama cikin gwafa inda kara ya rufe. Rabi'u masassaƙi ya gani. Baba maƙeri, lasa wannan ma.”

Maƙerin ya karɓa, ya duba ruwan tokar da ke cikinsa mai ɗan rawaya, ya tauna gefe, ya yamutsa fuska saboda bauri. “Wannan kam marke ne.”

Dattawa suka dubi guntayen biyu. Da a ce akwai mai sanyin kai a cikin 'yan'uwan nan, tambaya ɗaya ce ta rage a yi, kuma Malam Haladu ya buɗe baki zai yi ta. Iliyasu ya riga shi.

“Ƙarya kake yi! A Kwandiko ka ɓallo shi ka shafa masa mai.”

“Ni ne maƙaryaci? Kai da kake wurin aka yi komai? Wa ya san a gindin turmin wa ka ƙwaƙulo naka?”

“Ni kake faɗa wa haka a gaban mutane? Na goya ka, Sada!”

“Ka goya ni ka sauke a tasha ka hau mota. Baba yana kwance yana kiran sunanka, kana can kana buga hatimi. Ni na juya shi, ni na wanke shi. Yanzu ka zo da gungume a mota za ka zauna mana a ka.”

“Wa yake aiko da maganin? Iska?”

“'Ya'yana,” in ji Malam Haladu, “ku tsaya mana, wace dirka kowa…”

“Baba Haladu, bari,” in ji Iliyasu. Maganar kiran sunan nan ta shige shi inda bai shirya ba, kuma da ya tsaya ya ji zafinta gara ya yi ihu. “Ga dirkoki nan a tsaye. A sara a gani a gaban kowa!”

“Sara mana,” in ji Sada. “In ka san ta inda ake riƙe gatari.”

Gatarin da aka feƙe marke da shi yana jingine a katanga. Iliyasu ya fizge shi. Bai nufi dirkar da ya tona ba, tana can bayan dattawa, sai ya nufi wadda ta fi kusa da hannunsa, ta ɗaya gefen ƙofar zaure, wadda babu wanda ya taɓa ta a cikinsu. Dattawa suka fara jan tabarmi suna salati. Sada kuma, da ya ga hankalin kowa ya koma can, sai ya ga dama ta samu: in markensa ya riga ya shiga rami, sai dai a yi maganar cire shi. Ya kinkimo shi, ya jawo shi bakin ramin, ya sa kafaɗa ya ɗan ɗaga azarar, ya shure tsanin gefe.

Iliyasu ya tuna yadda gatari yake tsalle a jikin ƙirya a Kiyako, saboda haka ya tattara duk ƙarfin da ya rage masa daga shekarun zaman kujera, ya kai sara.

Gatarin bai yi tsalle ba. Ya shige kamar an sari kabewa. Baƙin man ne kawai yake riƙe da siffar dirkar daga waje, cikinta gara ta daɗe da mayar da shi gidanta. Jar ƙasa ta zubo, dirkar ta durƙusa a hankali kamar raƙumi, azarar ta zame daga kafaɗar Sada, rumfar Malam Hambali ta yi wata ƙara mai kama da tsaki, ta kwanta.

Allah ya taƙaita, dattawan sun riga sun fice, sai takalma da buta ɗaya da aka danne. Sada ya fito ta gefe yana riƙe da kafaɗa. Iliyasu ne aka daɗe ana tonowa. Da aka ɗaga zanar aka same shi zaune, gatari a hannu, kara a wuya, tsohuwar sheƙar kurciya a kan babbar riga, wani ƙadangare ya bi ta cinyarsa ya wuce ba tare da ya gaishe shi ba.

“Ka ga abin da ka yi,” in ji Sada.

“Wa ya cire tsani?”

“Wa ya sari dirka?”

Ƙurar ba ta gama kwanciya ba Dada ta fito. Wannan karon ba ta tsaya a zaure ba, ta tako har waje cikin rana, abin da unguwar ba ta taɓa gani ba. Ta dubi karan da ya baje har tsakiyar layi, ta dubi dirkoki biyu da suka rage a tsaye babu abin da suke ɗauke da shi. Ba ta yi kuka ba. Ta dubi Sada, sannan a karo na farko tun yana yaro ta dubi ɗanta na fari ido da ido. Iliyasu ya shekara hamsin da wani abu yana son wannan kallon, da ya zo kuma sai ya gwammace a mayar da zanar a rufe shi.

“A tumbuke sauran,” in ji ta. “A shigar mini da su ciki. Ina da rai ba a ƙara kafa komai a ƙofar nan.”

Malam Haladu ya yi gyaran murya, ya duba rana, ya ce da dattawa ai la'asar ba ta yi nisa ba, ko za a ƙarasa hirar a gindin ɗorawarsa, ya san yadda zai yi da uwargida. Suka tsinci takalmansu suka tsallaka layi ɗaya bayan ɗaya. Washegari ma can suka zauna. Ranar da wasu mutanen Kwandiko suka zo da rigimar iyaka, suka tsaya a ƙofar Malam Hambali suka ga fili, aka nuna musu tsallake. Buzun yana zaure a rataye, babu wanda ya ƙara kallonsa, don buzu ba ya zama a rana.

Iliyasu ya ƙara kwana a Gwaram, wai bayansa ne. A ransa kuwa bai sauka ba. Yana kwance yana lissafa yadda zai gaya wa Hafsat: rumfa ta faɗi saboda gaggawar Sada, amma maganar ƙirya tana nan, maƙeri ma ya shaida. Sabuwar ƙiryarsa tana waje tunkiya ta mayar da ita turke, marken Sada kuma yara suna hawa suna tuƙa mota. In suka haɗu a zaure kowa sai ya kalli bango.

Ranar da zai koma Birnin Kudu ya shiga cikin gida da hantsi ya yi wa Dada sallama. Ta amsa wa bango kamar yadda ta saba. A tsakar gida mai faskaren da ta kira ya gama aikinsa ya tafi, ya jera tsofaffin dirkokin kowace da tarinta a jikin rumbu, cikinsu a buɗe a rana. Sada yana tsaye a wurin, hannunsa rataye a wuya da ɗankwali, yana kallo. Iliyasu ya zo ya tsaya nesa da shi kaɗan. Shi ma ya zuba wa tarin ido.

Tarin farko ja ne mai duhu kamar hanta, ƙirya, ga gurbin wuƙar yankan farce a gindinta. Na biyu ruwan toka mai rawaya, marke, an ɓalle gefen gwafarsa. Na uku, wanda gatari ya shige, ragowar da gara ta bari tana warin ɗaci har inda suke tsaye: darbejiya ce, irin wadda ke bakin kowane titi.

Malam Hambali bai taɓa kafa dirka biyu iri ɗaya ba.